Injin faskare: a ƙirga yatsu kafin a ƙirga riba

Satin da ya wuce wani abokina mai walda ya kira ni wai in zo in ga abin mamaki, ni kuma dama ina wajen Tashan Dukku sai na ratse. Ina isa na tarar yara sun yi cincirindo a ƙofar shagon, a tsakiyarsu ga wata ƙatuwar taya ta ƙarfe tsayinta ya kusa ƙirjina, an yi mata waldar bakin gatari a gefe guda, an haɗa ta da bel zuwa ɗan inji irin na ban ruwan fadama. Ya ja igiya inji ya tashi, tayar ta fara juyawa a hankali a hankali har ta ɗau wuta, bakin gatarin nan yana giftawa ta gaban wani ɗan teburin ƙarfe fiu, fiu, fiu. Yaron shagon ya ɗauko gungumen darbejiya ya tura da hannu biyu, kafin ka ce kwabo ya dare gida biyu, ya juya ya sake turawa ya dare, yara suka ɗau tafi da ihu. Abokina ya dube ni yana murmushi yace "Malam ya ka gani? A Facebook na ga wani bature ya yi, kwana 9 na haɗa abina, wani mai gidan burodi ne ya ba ni aikin."

Nace aiki kam ya yi, Allah Ya ƙara basira, amma kashe mu gani. Ya kashe. Inji ya yi shiru amma tayar ko a jikinta, ta ci gaba da juyawa abinta, gatarin yana ta zagayowa, na tsaya ina ƙirga zagayen a zuci har na gaji na bari. Nace "toh maigida, in hannun yaron nan ne ya shiga, wa zai ce mata ta tsaya?" Sai ya yi dariya yace ai sai mutum ya kula.

Wannan kalmar ita ta hana ni sakat tun ranar. Ai sai mutum ya kula. Da ita muka rayu da injin niƙa shekara da shekaru bel a buɗe, kuma ba na jin akwai unguwar da za ka shiga a Gombe ka rasa wanda zai ba ka labarin mayafi ko hijabin da bel ya fizga, ko yaron da injin casa ya taɓa wa hannu lokacin kaka. In abu ya faru sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi jaje a watse, washegari a tada injin yadda yake. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma wanda ya bar rijiya ba murfi a tsakar gida mai yara bai isa ya fake da ita ba.

Kar a ɗauka ina adawa da injin faskare ne, wallahi a'a, ni ina cikin masu son a yi shi, kuma da wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai faskare yana aiki a ranar watan Afirilu a garin nan ya san ba aikin da za a yi wa kishi ba ne. Muna yara akwai wani dattijo da yake zuwa gidanmu in an sauke itace, Baba kawai muke ce masa, gatari a kafaɗa da wata guduma da guntayen ƙarafa guda biyu a buhu. Zai cire riga ya rataye a katanga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya zagaya gungumen yana dubawa kamar mai neman ƙofar shiga gida, sai ya ga inda ya ɗan tsage sannan ya sara. In marke ne ba ya ɗaukar lokaci. In kirya ce ko gindin tsamiya mai gaɓa-gaɓa sai ka ji gatarin yana dawowa da ƙara kamar ya daki dutse, a nan ne zai kafa ƙarfen ya yi ta bugu da guduma yana nishi. Babban yatsan ƙafarsa na hagu babu farce, ƙwaurinsa duk tabo, kuma sau ɗaya a gabana ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya tashi sama ya faɗo kusa da randa, Inna ta yi salati ta kore mu ɗaki. Daga baya ya daina zuwa, aka ce baya ne ya kama shi. Toh in akwai ƙarfen da zai ɗauke wa mutum wannan wahalar don me za a ƙi?

Kuma buƙatar tana nan, ba ƙarama ba. Gidajen burodi, masu tsire da balangu, masu masa da ƙosai, mata masu turara shinkafa da masu suyar gyaɗa, makarantun kwana, masu girkin biki, duk itace ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, gidaje da yawa da na sani sun jingine tukunyar gas a lungu sun koma murhu ba tare da sun yi shela ba. Saboda haka injin nan zai zo ko muna so ko ba ma so, masu walda sun riga sun gani a waya, tambayar kawai wane iri ne zai bazu. Abin da nake tsoro shine mafi arha kuma mafi ban sha'awa a bidiyo shi zai yi nasara, kuma shine mafi muni.

Bari in ɗan yi bayanin ire-irensu yadda na fahimta, don wasu suna zaton duk ɗaya ne. Akwai irin na abokina, mai taya da gatari a jiki, shi ƙarfinsa yana cikin nauyin tayar da gudunta ne, ba ya jiran kowa, kai ne za ka bi lokacinsa, ka tura ka janye kafin ya zagayo, sau ɗari sau dubu a yini, kuma kuskure ɗaya tak ake buƙata. Akwai mai kama da ƙaton sukuru mai tsini, yana juyawa yana huda itacen har ya tsage, shi kuma in itacen ya ƙi tsagewa sai ya kama juyawa tare da shi ya daki duk abin da ke kusa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro game da shi shine tufafinmu, don baturen da ke cikin bidiyon ɗamammen wando ne a jikinsa, mu kuwa jamfa ce da hannu mai faɗi, da rawani, da mayafi, bakin riga kaɗan zai taɓa shikenan ya naɗe mutum. Akwai na kamfani da suke amfani da taya mai nauyi amma a rufe cikin akwati, sai ka ja liba sannan sanda mai haƙora ta harbo itacen kan gatari ta koma, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 an gama, ya fi na farkon hankali nesa ba kusa ba amma saurin nan nasa ba ya ba mutum damar canja shawara. Sai na haidirolik, wanda ke aiki da matsin mai irin yadda tifa take ɗaga bodinta ko jak yake ɗaga mota, fiston ne ke tura gungumen a hankali kan kafaffen gatari, zuwa da dawowa ya kan ci daƙiƙa 10 zuwa 15, kana sakin liba ya tsaya cak a inda yake.

Ni wannan na ƙarshen nake goyon baya, kuma dalilin da mutane ke raina shi, wato nawarsa, shine dalilin da ya sa nake son sa. Inji ne da yake jiran mutum. Ƙarfi kuwa ba a magana, lissafin ma ba wuya, fiston mai faɗin inci 4 in aka ba shi matsin da ya kai 200 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", wanda shine kusan abin da irin waɗannan injinan ke aiki da shi, zai tura da ƙarfin da ya kai wajen tan 16. Ba kiryar da za ta yi gardama da wannan. Kuma ba sai da ƙaton inji ba, dabarar tana cikin famfon mai hawa biyu, in babu nauyi a gaba sai ya tura mai da yawa fiston ya yi sauri, da zarar ya ci karo da itace sai ya koma tura kaɗan da ƙarfi, shi ya sa ɗan inji mai ƙarfin doki 6 da rabi, irin wanda manoman rani suke ja da shi a Dadin Kowa, yake iya ɗaukar aikin. In aka sa gatari mai baki huɗu kamar alamar tarawa, turi ɗaya zai ba ka faskare huɗu, kaga nawar ta rama kanta. In kuma aka daidaita tafiyar fiston da tsawon itacen da muke yankawa, ba sai ya koma can ƙarshe kowane zuwa ba, an rage ɓata lokaci da mai.

Amma fa haidirolik ɗin ma yana cin yatsu, kar wani ya ce na ce masa tuwo ne. A hankali yake matsewa, sai dai tan 16 bai san bambancin reshe da yatsa ba. Shi ya sa a Turai suka yi ƙa'ida ta musamman a kan waɗannan injinan, lambarta EN 609, kashi na 1 na masu gatari ne kashi na 2 na masu sukuru, kuma babban abin da ke cikin na masu gatarin shine sai ka riƙe liba biyu da hannu biyu lokaci guda fiston zai motsa, ka saki ɗaya ya tsaya. Hikimar a fili take, hannun da ke kan liba ba ya kan itace. Ba a ce wa mutum ya kula ba, an hana shi damar yin kuskuren ne gaba ɗaya.

A nan ne nake so masu ƙira na gida su zauna su yi tunani irin namu, don in ka kwafo liba biyu kawai ka kawo Gombe na san abin da zai faru, kai ma ka sani. Oga zai tsaya kan liba da hannu biyu cikin aminci, sai ya ce wa yaro "kai riƙe min nan kar ya zame", kaga an mayar da haɗarin kan wanda ba shi da bakin magana, kuma wanda ke ja ba ya ganin yatsun wanda ke riƙewa. Ko kuma ranar farko za a samu robar tayar mashin a ɗaure liba ɗaya don a samu hannu. Saboda haka dole injin ya riƙe itacensa da kansa, a yi masa kwance mai kwari kamar kwale-kwale da gungume zai zauna ciki ba ya gangarawa, a yi hannayen ƙarfe masu haƙora a jikin libobin da za su danne shi ta gefe biyu, a sa raga ta ɗaya gefen yadda mutum na biyu ba shi ma da wurin tsayawa balle ya miƙa hannu, sannan a haɗa libobin yadda in ba a saki duka biyun sun koma ba, injin ba zai sake tafiya ba, ɗaurin roba ya zama aikin banza. Wanda ya san halin mutanensa shi ya kamata ya yi musu ƙira, baturen bai san muna da yaran shago ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ne ake mantawa. Bel da fuli a rufe su da murfin da sai da sifana za a cire. Teburin ya kai ƙugu don kar mu gyara hannu mu ɓata baya, in gungume ya yi girman da ba a iya ɗagawa a yi injin yadda za a iya tsayar da shi a mirgino itacen ƙarƙashinsa. Salansa ta kalli nesa da fuskar mai aiki. Tabarau, don tsinken marke in ya tashi ba ya sallama. Sai maganar tiyo, wadda nake roƙon duk mai taɓa haidirolik ya riƙe, in kana zargin mai na tsiyaya kar ka shafa da hannu kana nema, sa kwali, domin man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan matsin yana iya huda fata ya shige cikin nama, a waje ka ga ɗan ɗigo kamar cizon sauro a ciki kuwa aikin tiyata ne na gaggawa. Mu da muke sayen tsohon tiyo na gwangwan ya kamata mu fi kowa jin wannan.

Na san me wasu za su ce, don an riga an faɗa min a majalisa. Na farko, wai ana kukan hamada kai kana kawo injin cinye daji. Maganar tana da nauyi ban raina ta ba, Gombe da Bauchi duk suna cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen bishiyoyi don tare hamada, ya shafa, gwamnatin Inuwa Yahaya ma ta fito da shirin dashen bishiya na 3G tun 2019, kuma duk mai bin hanyar Dukku ko ta Bajoga ya ga motocin itace da buhunan gawayi a bakin titi ya san dajin yana ja da baya. Sai dai a duba da kyau, injin faskare ba ya kada bishiya, zarton inji ne ke kadawa, kuma shi ya riga ya shiga daji tuntuni ba wanda ya tsaya jiran mu. Abin da na gani da idona shine akasin haka, gindin bishiya da wurin gaɓa da manyan gungume da gatari ya kasa, barinsu ake yi su ruɓe ko a cinna musu wuta a gona, a je a sare sabuwa mai laushi. Injin da zai iya fasa waɗannan ya ƙara itace ba tare da an ƙara sara ba, ga rassan darbejiya da ake sassabewa cikin gari, ga turare da malina da ake iya shukawa musamman don wuta.

Sannan akwai maganar bushewa wadda ba a cika kawowa ba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ana so ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin ya ci wuta yadda ya kamata, kuma gungume a dunƙule yana daɗewa bai bushe ba, wanda aka fasa ƙanana kuwa iska na ratsa shi. Duk matar da ta yi girki da ɗanyen ice da damina ta san sauran bayanin, wani kaso na wutar yana tafiya ne wajen ƙone ruwan, hayaƙi ya cika madafa, ido na hawaye, goyo na tari a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutanen da hayaƙin cikin gida ke kashewa a duniya da wajen miliyan 3 duk shekara, akasari mata da yara ne ke shaƙarsa. Murhunan zamani masu tsimin itace, irin su Save80 da aka daɗe ana yaɗawa daga Kaduna, ƙananan tsinke-tsinke suke ci ba gungume ba, wato in babu mai fasa itacen ƙanana cikin sauƙi murhun ma ajiye shi za a yi. Duk da haka ban ce babu haɗari ba, in faskare ya yi arha wani zai ƙara saro, shi ya sa nake ganin duk mai babban inji a matattarar itace ya kamata ma'aikatan gandun daji su san da shi kuma su san daga ina kayansa ke fitowa. Wannan aikin hukuma ne ba na mai walda ba.

Na biyu, wai za a kashe wa masu faskare sana'a. Eh, wasu za su rasa, ƙarya ne a ce ba haka ba. Amma injin casa da ya zo ai bai zauna a gidan mai kuɗi kaɗai ba, gona-gona ake yawo da shi ana biya a kan buhu, haka wannan ma in aka yi shi da taya yadda Keke Napep zai ja, masu faskare huɗu ko biyar za su iya haɗa adashi su mallaka su riƙa bin gidajen burodi da gidajen biki. Kuma su ne suka san itace, su suka san ta inda ake shigar gungume, ilimin nan na Baba na zagaya ice yana neman tsaga ko a gaban fiston yana da amfani.

Ba ma komai ne sai da inji mai ƙara ba. Wata yarinya a ƙasar Niyu Zilan, Ayla Hutchinson, tana da shekara 13 ta ga mahaifiyarta ta yanke yatsa wajen fasa ƙananan itace, sai ta juya abin, ta kafa bakin gatarin yana kallon sama a cikin zoben ƙarfe, ka sa itacen cikin zoben ka buga da guduma daga sama, kaifin yana zaune wuri ɗaya hannu bai kusance shi ba, yau ana sayar da abin a ƙasashe da dama. Wannan kam duk maƙerin da ke Gombe zai iya yin irinsa da guntun sifirin mota cikin yini guda, kuma shi ya fi dacewa da gidaje inda yara mata ake sa wa fasa ice da tsohon gatari mai girgiɗi. Ko tsohuwar tayar mota ka ɗora a kan kututture ka cusa itacen a ciki kafin ka sara, ta hana shi tsalle ta kuma tare gatarin in ya kuskure.

Abin da nake fata shine malamai da ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi da kwalejin horar da malamai ta FCE Teknikal ta nan Gombe su ɗauki wannan da muhimmanci, su fitar da zane guda ɗaya mai kyau da kayan da ake samu a kasuwarmu, fiston tsohuwar tifa ko tarakta, ƙarfen gini, sifirin, a kai shi cibiyar NCAM da ke Ilorin wadda aikinta ne gwada injinan noma ta gwada, sannan a rubuta ma'aunin da Hausa da hotuna a raba wa masu walda kyauta ta WhatsApp. Don abokina ba mugu ba ne, abin da ya gani shi ya kwafa, da ya ga wanda ya fi shi da shi zai yi. Matsalar kawai famfo da bawul suna da tsada, taya da bel kuwa a bola ma ana tsinta.

Jiya na sake bi ta shagon. Ya yi wa bel ɗin murfi da langa-langa har ya shafa masa koren fenti, yace "Malam ka gani na ji maganarka." Na tambaye shi tayar fa, yace mai burodin ya riga ya biya rabi kuma jibi za a zo ɗauka, amma ya sa a nemo masa fiston tifa a Panteka ta Kaduna, in ya samu da sauƙi na gaba irin wancan zai gwada. Yaron yana gefe yana cin rake, na ce masa miƙo hannunka mu gani, ya miƙo yana dariya bai san dalili ba, guda goma ne cif.